AMSOSHIN WASIƘUNKU: Sara, Suka da Duka a Bakin 'Yan Wasan Intanet

A wannan mako mun ware wasiƙu uku, waɗanda ko da yake daga garuruwa daban-daban suka fito, duk a kan magana ɗaya suke. To, sai ku gyara zama.

TAMBAYA TA FARKO

Wasiƙar farko ta fito ne daga wani Alhaji mai sayar da hatsi a jihar Bauchi, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ya ce tun da ɗansa mai shekara 16 ya sami wayar hannu irin ta shafawa, kullum dare sai ya jiyo shi yana magana da waɗansu abokai da shi Alhajin bai taɓa gani ba. Maganar kuwa ba ta wuce ta sara da suka, da sa wa wani guba, da barin jini ya ƙarasa shi, ana yi ana gauraya ta da wani irin Turanci wanda ko malamin makarantar garin bai gane kansa ba. Da ya tsare yaron, sai ya ce masa wasa ne. Alhaji ya ce a wajensu kalmar sara-suka ba kalmar wasa ba ce, saboda haka yana so a gaya masa gaskiya, shin ɗan nan nasa ya shiga wata ƙungiya ce?

AMSA

To Alhaji, mun gode da wannan wasiƙa, kuma tsoronku yana kan hanya. Duk wanda ya san ta'asar da 'yan sara-suka suka yi a Bauchi, dole gabansa ya faɗi in ya ji waɗannan kalmomi a cikin gidansa. Amma daga yadda kuka kwatanta maganar, ta yi kama ƙwarai da yaren masu wani irin wasa na intanet. Bari mu warware muku shi dalla-dalla, sannan mu gaya muku yadda za ku tabbatar da idonku, domin gani ya kori ji.

Shi wannan wasa, kowane mai yin sa yana zaɓen wani jarumi na zane a cikin waya ko kwamfuta, ya ba shi suna, ya sa masa tufafi da makami, ya riƙa juya shi da yatsa. Sai ya haɗu da jaruman waɗansu mutane, wani yana Legas, wani yana Masar, wani yana Barazil, su yi ayari su tafi yaƙi da dodanni. Dodannin nan na zane ne, jinin ma na zane ne. Abin da ke ƙarƙashin zanen kuwa lissafi ne zalla. Kowane jarumi da kowane dodo yana da adadin rai da aka rubuta masa, a ce 500 ko 10,000. Duk bugun da aka yi masa sai a debe wani abu daga ciki. In adadin ya kai sifili ya faɗi, in jarumi ne kuma bayan ɗan lokaci ya tashi ya ci gaba. Wannan abin da ake debewa shi suke kira dameji, wato ɓarna. To, duk surutun da kuke ji da dare, gardama ce a kan wace irin ɓarna ce ta fi cin wane irin dodo.

Asalin abin ma ba a intanet ya faro ba. A shekarar 1971 waɗansu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Jeff Perren, suka buga wani ɗan littafin dokokin wasan yaƙi mai suna Chainmail, wato sulke, wanda ake yi da 'yan gumakan sojoji a kan tebur. A cikinsa akwai jadawalin da ke nuna yadda kowane makami yake yi da kowace irin rigar yaƙi. A 1974 shi Gygax ɗin da wani mai suna Dave Arneson suka fito da Dungeons & Dragons, wanda ake yi da takarda da fensir da ƙwaya irin ta lido, sai dai su ƙwayoyinsu akwai mai fuska 4, da 6, da 8, har da mai 20. Daga nan, a 1978, a Jami'ar Essex ta Ingila, Roy Trubshaw ya fara rubuta irin wannan wasa a kwamfuta yadda mutane da yawa za su shiga lokaci guda, Richard Bartle kuma ya ci gaba da shi. Sai manyan suka biyo baya: Ultima Online a 1997, EverQuest a 1999, RuneScape a 2001, da World of Warcraft a 2004, wanda a shekarar 2010 masu biyan kuɗin shigarsa suka kai miliyan 12. Kowanne ya gaji kalmomin na gabansa, ya kuma ƙara nasa.

Yanzu ga kalmomin. Makamin hannu, hanya uku yake yi wa jiki illa, kuma Bahaushe ya riga ya raɗa musu suna tun kafin a ƙera kwamfuta. Akwai sara, aikin takobi da adda da gatari. Akwai suka, aikin mashi da wuƙa da kibiya. Akwai duka, aikin kulki da gora da guduma. A bakin 'yan wasan, sara shi ne silash, suka shi ne fiyas, duka kuwa bulant. Kun ga ashe ba wani baƙon ilimi ba ne. Mai gona ya san abin da lauje zai yi wa ciyawa, ya san kuma in ɓawon gyaɗa ne ko dutse, ba lauje ake nema ba.

Dalilin da ya sa aka raba su uku shi ne rigar yaƙi. Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla a Kano ko Katsina ko Zariya ya ga 'yan sulke da 'yan lifidi. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ake lissafa mulkinsa daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Sulke zobban ƙarfe ne da aka sarƙa, kaifin takobi ba ya yanka shi, amma in aka maka wa mai shi kulki, ƙarfen ba zai hana ƙashi jin jiki ba. Lifidi kuwa auduga ce aka cusa aka ɗinke, tana shanye duka, tana rage wa kibiya ƙarfi, amma auduga da wuta ba sa ga maciji. Kowace riga da makamin da ke cin ta. Wannan shi masu ƙera wasannin suka mayar lissafi.

Alal misali, a bugu na biyar na Dungeons & Dragons da ya fito a 2014, wuƙa suka take yi, ɓarnarta daga 1 zuwa 4. Dogon takobi sara yake yi, daga 1 zuwa 8 in da hannu ɗaya aka riƙe shi. Babban gatari daga 1 zuwa 12. In dodo yana da juriya ga irin bugun da aka yi masa, sai a raba ɓarnar biyu. In nan ne lagonsa, sai a ninka ta. In kuwa abin ba ya kama shi sam, to ko an kwana ana bugu, aikin banza ne. Akwai wani dodo da suke zanawa ƙwarangwal, ƙashi zalla ba tsoka. Shi lagonsa duka ne, duk bugun kulki ninki biyu yake ci. Ai kuwa da hankali a ciki, don wanda ba shi da tsoka, ƙashi za a farfasa. Saboda haka Alhaji, in kuka ji yaro yana cewa sara ba ya kama wannan, a kawo mai suka, abokansa yake gaya wa su sauya makami domin lissafin ya fita.

Saura guba da jini. Akwai bugun da ke debe rai nan take, akwai kuma wanda ke ci gaba da ɗiba kaɗan-kaɗan bayan an gama bugun, kamar kibiya mai dafi. Wannan suke kira dot, taƙaitawa ce ta Turancin da ke nufin ɓarna mai bin lokaci. Guba dot ce, ƙuna dot ce, zubar jini, wanda suke kira bilid, shi ma dot ne. A World of Warcraft rigar ƙarfe tana rage zafin sara, amma ba ta rage zubar jini ko kaɗan, shi ya sa in dodo mai kaurin sulke ne za ku ji ana cewa a sa masa jini.

Wannan dot ɗin ma ta taɓa yin abin da ya kai kunnen likitoci. A watan Satumba na 2005, kamfanin Blizzard ya saka wani dodo mai suna Hakkar a cikin World of Warcraft, wanda ke sa wa jarumai wata cutar jini mai yaɗuwa daga wannan zuwa wancan. An shirya ta tsaya a gidan dodon, amma sai dabbobin da jarumai ke tafe da su suka fito da ita cikin birane. Kan a ankara gawarwakin zane sun cika tituna, masu ƙaramin ƙarfi suna faɗuwa nan da nan, waɗansu suka gudu daji, waɗansu suka tsaya jinyar 'yan'uwa, waɗansu kuma da gangan suka riƙa yaɗa ta, sai da kamfanin ya gyara abin. A 2007 masana annoba biyu, Eric Lofgren da Nina Fefferman, suka rubuta maƙala a mujallar likitoci ta Lancet mai kula da cututtuka masu yaɗuwa, a kan abin da za a koya daga halin da mutane suka nuna. Ba wanda ya yi ko ciwon kai a zahiri.

Yadda za ku tabbatar kuwa, Alhaji, mai sauƙi ne. Ku kira shi da rana, ba da faɗa ba, ku ce ya buɗe wasan a gabanku. Ku tambaye shi sunan wasan, da irin makamin jaruminsa, sara yake yi ko suka ko duka. In ɗan wasa ne, za ku ga bakinsa ya buɗe, har sai kun gaji da bayani, za ku kuma ga lambobi suna tashi a fuskar wayar duk sanda aka yi bugu. In kuwa ya kasa nuna kome, ko kuka ga yana fitar dare, ko kuka tsinci makami na gaske a ɗakinsa, to wannan wata magana ce daban, sai a nemi manya a zauna.

TAMBAYA TA BIYU

Wasiƙa ta biyu daga wani saurayi ce mai gyaran waya a wata kasuwar mako cikin jihar Maraɗi. Shi ɗan wasan ne da kansa. Kukansa shi ne, ya koyi kalmomin wasa ɗaya, da ya koma wani sai ya tarar duk an sauya su, har abokan ayari suna yi masa dariya. Yana tambaya, shin babu ƙamus guda da kowa ke bi?

AMSA

To ɗan samari, babu. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Kai da ke kasuwa ka san mudun wannan gari ba shi ne na wancan ba, tiya ma haka, alhali sunan ɗaya ne. Kamfanonin nan suna ƙasashe daban-daban, ba wata hukuma da ta tara su ta ce ga sunan da za a bi. Ruɗanin iri uku ne, in ka rarrabe su ka huta.

Na farko, abu ɗaya suna da yawa. Ɗauki duka. A Dungeons & Dragons sunansa bulajinin. A RuneScape, na kamfanin Jagex da ke Kambirij a Ingila, sunansa kurosh. A Warframe, wanda wani kamfanin Kanada ya fitar a 2013, sunansa imfak. A Elden Ring na Japan, na shekarar 2022, sunansa sitirayik. Duk kulki ne. Suka ma haka, wani ya ce fiyas, wani ya ce sitab, wani ya ce fanca. In ka ga sabuwar kalma, kada ka tsaya haddar ta, dubi makamin da ke ɗauke da ita. Mai kaifi ne, mai tsini ne, ko mai nauyi? Ka sami amsarka.

Na biyu, suna ɗaya ma'ana da yawa, kuma wannan ya fi cin mutane. Ita kalmar fiyas ɗin nan, a wani wasa tana nufin suka irin ta mashi. A wani wurin tana nufin makamin yana ratsa sulke, wato ba a rage masa kome. A Path of Exile kuwa, na ƙasar Niyu Zilan, wanda ya fito a 2013, tana nufin kibiya ta huda dodo na farko ta wuce ta sami na bayansa. Abu uku ke nan daban-daban. Haka DPS, da kuke cewa di-fi-es. Asalinta awo ce, wato yawan ɓarnar da makami ke yi a daƙiƙa ɗaya. Amma yau in aka ce ana neman DPS biyu, mutum biyu ake nufi, masu aikin kai hari a cikin ayari, ban da tanki, mai tare dodo da ƙirjinsa, da hila, mai yi wa sauran magani.

Na uku, sunan da ke nuna gabas alhali abin yana yamma. Bayan sara da suka da duka, akwai ɓarnar wuta, da sanyi, da lantarki, da guba, da ta sihiri. Bugu na biyar na Dungeons & Dragons ya lissafa iri 13 gaba ɗaya, kuma a cikinsu walƙiya daban, tsawa daban. Ta walƙiya lantarki ce, ta tsawa kuwa ƙara ce mai girgiza jiki. World of Warcraft iri 7 gare shi, kuma babu lantarki a ciki, an jefa shi tare da guba a rukunin da suka kira neca, wato na halitta. Saboda haka a da mai neman kariya daga aradu a can, rigar maganin guba yake nema. Genshin Impact, na wani kamfanin Shanghai a ƙasar Sin, wanda ya fito a 2020, shi ma 7 gare shi, amma sai ya ba su sunaye masu tushen Girkanci: wuta Pyro, ruwa Hydro, iska Anemo, lantarki Electro, tsiro Dendro, ƙanƙara Cryo, ƙasa Geo. A nan har jerin da aka bi yana da tasiri. In aka zuba ruwa a kan dodon da wuta ke ci, bugun yana ninkuwa biyu. In wuta aka sa wa jiƙaƙƙe, ɗaya da rabi ne kawai. A Warframe kuma haɗa su ake yi kamar mai haɗa taki: sanyi da guba su ba da bairal, lantarki da guba su ba da mai cin sulke, wuta da lantarki su ba da radiyeshan.

Kada kuma ka ce hankalin duniya zai fisshe ka ko'ina. A Old School RuneScape, rigar zobba ta fi rigar faffaɗan ƙarfe jure duka, alhali a zahiri duka shi ne lagon sulken zobba. Dokar wasa ra'ayin wanda ya rubuta ta ce. Karanta lambobin da ke jikin rigar, kada ka bi zato.

Bari in ba ka lissafi biyu da za su hana a yi maka dariya. Na farko a kan DPS. A ce gatari yana cin 90 a bugu ɗaya, amma sai bayan daƙiƙa 3 ake sake ɗaga shi. Ka ga 30 ke nan a daƙiƙa. Wuƙa kuma tana cin 20 kacal, amma sau 2 a daƙiƙa, 40 ke nan. A takarda wuƙa ta yi gaba. To amma a ce wasan irin wanda sulke ke cire 15 daga kowane bugu ne. Gatari ya koma 75, wato 25 a daƙiƙa. Wuƙa ta koma 5, wato 10 a daƙiƙa. Kamar mai sayar da buhu ne da mai awo da gwangwani, in aka ce kowane ciniki sai an biya ɗan kamasho iri ɗaya, mai gwangwani ne zai koka.

Na biyu daga Path of Exile. Akwai kalmomi biyu na Turanci da ke jikin makamai, inkiris da mowa, duka biyun ma'anarsu ƙari. Amma lissafinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko a kan uwar kuɗi ake ɗora ta, ta biyu a kan jimlar da aka riga aka samu. A ce mudu yana naira 1,000. In aka yi ƙarin rabi sau biyu a kan farashin asali, ya zama 2,000. In kuwa ƙari na biyu a kan sabon farashi aka yi shi, 1,500 ne aka ƙara wa rabi, ya zama 2,250. Kowane ɗan kasuwa ya san wannan bambanci.

Sauran ƙananan kuwa ga su a gurguje. Kirit bugu ne na sa'a wanda ke cin fiye da ƙa'ida. Firok shi ne tashin wani sirri na makami, kamar takobin da jefi-jefi yake kama da wuta. AoE ɓarna ce mai faɗi, mai kama duk wanda ke cikin da'ira, kamar feshin maganin ƙwari. Turu dameji kuwa ita ce wadda ba sulken da ke rage ta. Ka riƙa tambaya, matambayi ba ya ɓata, waɗanda ke maka dariya su ma da haka suka fara.

TAMBAYA TA UKU

Ta ƙarshe daga wata Hajiya ce mai sana'ar man gyaɗa da ƙuliƙuli a jihar Jigawa. Ta ce ƙaninta da take riƙo ya karɓi kuɗi a hannunta har sau biyu, wai zai sayi takobi a cikin waya. Bayan 'yan makonni sai ya dawo yana cewa an yi wa takobin naf, yana son wani. Tana tambaya, mene ne naf, kuma wa ya yi masa?

AMSA

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Tambayarku ita ce ta taɓo inda gizo ke saƙar, don in akwai abin tsoro a wasannin nan, to aljihu ne da lokaci.

Naf ita ce kamfanin wasa ya rage wa makami ƙarfi bayan mutane sun riga sun mallake shi. Kishiyarta baf, wato a ƙara masa. Kalmar daga sunan Nerf ta fito, waɗansu kayan wasan yara na soso na Amurka, waɗanda ko an maka wa mutum ba ya jin zafi. Ana danganta yaɗuwarta da zamanin Ultima Online, lokacin da aka rage wa takubba ƙarfi, 'yan wasa suka riƙa kukan an mayar da su masu faɗa da sandar soso. Kamfani yana yin haka ne in ya ga makami ɗaya ya fi sauran nesa ba kusa ba, har kowa ya watsar da nasa ya koma kansa. Wani lokaci ma ba a taɓa makamin, sai dai a kawo sababbin dodanni waɗanda irin ɓarnarsa ba ta kama su. Mai takobin wuta ya wayi gari duk dodannin sabon fage ba sa jin wuta, sai ya nemi na ƙanƙara.

Abin lura a nan, Hajiya, shi ne wanda ya sayar da takobin, shi ne mai ikon dakushe shi, shi ne kuma mai sayar da sabo. In kun sayi tukunya a kasuwa, ta zama taku, maƙeri ba zai biyo ku gida ya huda ta ba. Takobin cikin waya kuwa lamba ce a kwamfutar kamfani. Ba a jinginar da shi, a galibin wasanni ba a yarda a sayar da shi da kuɗin gaske ba, ranar da aka rufe wasan kuma ya tafi ke nan.

Bugu da ƙari, a waɗansu wasannin ba ma takobin ake saya kai tsaye ba, ƙuri'a ake saya. Ana kiran tsarin gaca, daga sunan waɗansu injunan Japan da ake jefa wa kwabo su fito da abin wasa, wanda ba ka san ko mene ne ba sai ka buɗe. A Genshin Impact, damar samun makami mai daraja ta ƙoli a jefawa ɗaya 7 ce cikin 1,000. Kamfanin ya yi alkawarin ba za a wuce jefawa 80 ba a samu ba, amma ko an samu, ba lalle ne ya zama wanda ake nema ba. Ana iya tara ƙuri'un nan kyauta a hankali, mai gaggawa shi ke sa kuɗi. Saboda kamar da irin wannan ciniki ya yi da caca, hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke a 2018 cewa akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi a waɗansu wasanni sun saɓa wa dokar ƙasar. A 2021 ƙasar Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a 2019 ta amince da saka jarabar wasan a jerin cututtuka, wato idan ya kai mutum ya kasa dainawa, ya fifita shi a kan sauran al'amuransa, har ya ɓata masa karatu ko sana'a ko zaman gida na tsawon lokaci. Ba kowane mai wasa ne ya kai nan ba, mafi yawansu ba su kai ba.

Shawararmu ita ce, in ya sake zuwa, ku yi masa tambayar da za ku yi wa duk mai neman jari. Wannan takobi, wace irin ɓarna yake yi? Wanda kake da shi me ya kasa? Ba a samun mai irin aikinsa kyauta a cikin wasan? Kai tsaye ake saye ko ƙuri'a ce? In aka yi masa naf, wa zai biya? Yaron da ya fahimci lissafin da muka yi bayani a baya, sau da yawa zai gane ba sabon makami yake bukata ba, sauya wanda ya dace da dodon kawai zai yi. Wanda bai fahimta ba shi ke zaton tsada ita ce ƙarfi. Kada kuma ku bar lambar sirrin asusunku ko katin banki a wayar da yake wasa da ita. Ku yanka masa lokaci, bayan an gama aikin gida da karatu, in kuma lokacin shuka ne ko girbi, gona ce gaba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To jama'a, a nan lokaci ya kama mu. Masu tambaya a kan ajiyar wake da farashin taki, wasiƙunku sun iso, suna kan layi. Ku ci gaba da aiko mana, ku rubuta a fili, ku kuma faɗi garin da kuke. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Mu kwana lafiya.